Tayoyin da Alƙali Ya Zaɓa wa Kansa

Mijin yayata taya yake sayarwa, kuma tun kafin in iya riƙe sitiyari direbobi ke kiransa Alƙali. Shagonsa yana can ƙarshen layin makanikai, daidai inda kwalta ta fara lalacewa. A ciki tayoyi ne jere tun daga ƙasa har rufi. Warin roba ya kama bango, ya kama tufafinsa, har yayata ta gaji da ƙorafi ta ɗaura masa igiyar shanyarsa daban. A bakin ƙofa akwai rabin duro cike da baƙin ruwa na neman huji, da injin iska wanda sai ya yi tari kafin ya tashi, da wani benci da zaman mutane ya goge har yana ƙyalli. A kan bencin nan ake yin shari'ar da ta jawo masa sunan.

Ba a shiga wurinsa a nuna taya da yatsa a ce a ɗaura. Sai ka zauna tukuna. Zai tambaye ka inda za ka, da abin da za ka ɗauka, da nauyinsa. Zai tambayi yawan kwalta a hanyar, da yawan duwatsu, da yawan yashi. Zai fita ya zagaya motar, ya danna bayanta da gwiwa ya ga yadda take lilo. In ya dawo sai ya yi tambayar da ta fi ba direbobi haushi, wato ko kai mutum ne mai haƙuri.

Na taɓa ganin wani direba ya miƙe daga bencin yana huci. Ya ce, "Haba Alƙali, taya na zo saye, ba auren 'yarka na zo nema ba!"

Alƙali ya ce, "Zauna mana. Mai haƙuri in ya iso yashi yana sauka ya rage iska, in ya fito ya sake sauka ya mayar. In kai ba mai sauka ba ne ka faɗa mini, in ba ka wadda za ta iya da halinka."

Direban ya koma ya zauna. Duk haka suke yi.

Ni ma na sha zaman bencin, zama ƙanin matarsa bai cece ni ba. Lokacin da na sami motar kaina, buɗaɗɗiya mai jan ƙafa huɗu, na fara kai kayan gyaran famfunan rijiya zuwa garuruwan da ke bayan yashi. Na zo masa ina hura hanci, na nuna wasu tayoyi masu manyan haƙora, irin waɗanda in mota ta sa su kowa sai ya waiwaya. Ya dube ni, ya dubi tayoyin, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Auta, noma za ka yi a can? Waɗannan na laka ne. In ka shiga yashi da su, rami za su haƙa maka ka zauna a ciki."

Ranar ya koya mini abin da har yau nake ci da shi. Yashi ba ya son taya mai cizo, ya fi son wadda za ta kwanta a kansa. Shi ya sa ake neman mai ƙananan zane, mai tsawo, wadda gefenta ke da laushi, don in an rage iska ta baje ta yi tafi mai faɗi. Amma laushin gefen nan shi ne abin da dutse mai kaifi ke nema. Mai kauri kuma ta fi ƙarfin dutse, sai dai ko ka rage mata iska ba ta bajewa. Ya ce babu tayar da ta iya hanya duka, kowace akwai inda take jin kunya, aikinka ka zaɓi kunyar da za ka iya ɗauka. Ya kuma hana ni sayen girman da ba kowa ke da shi ba, komai kyansa, saboda ranar da taya za ta fashe maka a ƙauye, abin da mai facin ƙauyen ke da shi kaɗai za ka samu. Ko sabuwar taya ba ya yarda da ita don tana cikin leda. Sai ya danna ta da farcen babban yatsa, ya kai ta rana ya duba ko ta tsattsage a zaune.

Yana da doka guda da ba ya sassautawa: duk tayar da ya sayar maka, in ta ƙare ko ta mutu, sai ka dawo masa da ita. Zai ɗora ta a kan cinya, ya bi ta da tafin hannu ciki da waje, sannan ya fara karanta maka laifinka a gaban jama'a.

"Nan ka fito daga yashi ka hau kwalta ba ka mayar da iska ba, ka yi ta gudu har ta dahu. Nan kuma ka hau dutse da gefe, ba ka fuskance shi ba. Wannan ƙaya ce, ba laifinka ba ne."

Ba ya kuskure, shi ne abin haushin. Ta haka ya san hanyar kaf. Ya san inda duwatsu baƙaƙe suke, ya san kwarin da ƙaya ta cika, ya san gangaren da ke cin birki. Baƙon direba in ya saurare shi sai ya rantse tsohon matafiyi ne.

Alhali kuwa Alƙali bai taɓa wuce inda kwaltar garinmu ta ƙare ba. Kowa a layin ya sani, ba kuma mai faɗa a gabansa, sai ni da bakina ba ya shiru. In na tsokane shi sai ya ce shago ba ya rufuwa, ko ya ce mota tana sa shi jiri. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karɓar yagaggun tayoyi, yana jin yadda aka yi suka yage, bai san komai game da hanyar ba sai ɓarnarta.

Da ba shi da kowa a can, da tsoron nasa bai dami kowa ba. Amma yana da yaya, wadda duk gidan muke kira Goggo saboda 'ya'yansa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goye shi, ita ta kai shi wurin mai facin da ya koya masa sana'a. Yana saurayi ta auri wani mai haƙa rijiyoyi, aiki ya kai su bayan yashi, suka zauna can. Da farko tana zuwa jefi-jefi. Daga baya 'ya'ya suka yi yawa, mijin ya rasu, gwiwoyi suka ƙi, zuwan ya tsaya. Tun Alƙali bai yi furfura ko ɗaya ba rabon da su ga juna.

Abin da yake yi shi ne aike. Duk direban da ya sayi taya zai bi ta garin Goggo, sai an ɗora masa ƙunshi: sabulu, turmin zane, man shafawa na gwiwa, takalma masu laushi, batiran rediyo. Ni na fi kowa ɗauka. Duk zuwan da na yi sai ta karɓi ƙunshin ta ajiye a gefe ba ta buɗe ba, ta ce, "Shi fa?" In ce, "Shago, Goggo." Ta ce, "Uhm." Suna magana a waya in layi ya yarda, su yi ta ihu suna tambayar lafiyar juna. Hoto kuwa an sha nuna mata a waya, takan ce ita wannan ɗan gilashin haske kawai take gani a ciki.

A wata tafiya na same ta tana zuba mini shayi, rabi a kofi rabi a tabarma, ba ta kuma sani ba. Babban ɗanta ya ja ni waje ya ce likita ya duba idanunta, ba irin yanar da ake cirewa ba ce, ganin tafiya yake yi a hankali kuma ba ya dawowa. Da zan tafi ta riƙe mini hannun riga.

Ta ce, "Auta, ka ce masa sabulu ya ishe ni, akwati ya cika. Har yanzu ina ganin abu in yana kusa, in kuma akwai rana. Ban san zuwa yaushe ba. Ka ce ya zo in gan shi."

Na isar da saƙon a shago, ban rage ko kalma ba. Yana cire taya daga ƙarfenta, bai ɗago ba, ya ci gaba da bugu kamar da bango nake magana. Raina ya ɓaci, na tafi na kai ƙararsa wurin yayata. Ita ta fi ni sanin mijinta. Ta ce in ƙyale shi, ya ji, jin ne ma ya hana shi magana. Ba a jima ba kuwa ya aiko a ce in kawo motata in bar masa, shi zai shirya ta da kansa, za mu tafi.

Da na koma ɗaukar motar sai na tsaya turus. Ya ɗaura mata wasu tayoyi baƙaƙe ƙirin, masu kaurin gefe irin na motocin ɗaukar dutse, ga haƙora da suka fi na waɗanda ya yi mini dariya a kansu. A baya ya loda safaya har uku, duk irinsu, da jak biyu, da ƙarafan cire taya, da buhun faci, da durom na ruwa ƙari a kan nawa. Bayan motar ya zauna tun ba mu sa jakunkunanmu ba.

Na ce, "Alƙali, wane ne ya zaɓi waɗannan? Faɗa mini in je in zage shi."

Ya haɗe rai ya ce, "Akwai duwatsu."

"Yau aka fara duwatsu? Yashin fa? Da ni na zo da su, da ka tara mini layin nan kaf ana dariya."

"Auta, dutse in ya yanka taya, shi ke nan. Na ga abin da yake yi."

Na so in ja maganar, sai na lura yana ta sake bin notunan da ya riga ya ɗaure da sifana. Mutumin da na sani yana ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai. Tausayi ya kama ni, na haɗiye sauran. Na ce a raina, in dai waɗannan ne za su sa ya shiga motar, mu je a haka.

Muka tashi da sassafe. Yayata ta rako mu har bakin titi tana ta yi masa addu'a tana kuma danne dariya, don ya sa rigar sanyi biyu. A kan kwalta tayoyin suka yi ta kuka, har ba ma jin maganar juna. Ya riƙe mariƙin da ke saman ƙofa da hannu biyu, idonsa a kan hanya ba ƙiftawa. Duk inda muka tsaya sai ya sauka ya dafa kowace taya ya ji zafinta. Jirin da ya yi shekaru yana faɗa kuwa ban ga alamarsa ba, burodi ma ya fi ni ci.

Da kwalta ta ƙare muka shiga duwatsu, sai ga Alƙali ya warware. Tayoyinsa suka yi ta taka kaifi suna wucewa ko a jikinsu. Ya saki mariƙin, ya fara nuna mini wurare kamar shi ya kawo ni. Ya ce nan ne duwatsu baƙaƙe, ko? Na ce nan ne. Ya ce to gaba kaɗan akwai kwarin ƙaya. Akwai shi kuwa. Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Wa za ka zaga yanzu?" Na ci gaba da tuƙi, don na san abin da ke gaba.

Bayan ƙauye na ƙarshe yashi ya fara. Na tsaya a bakinsa kamar yadda ya koya mini, muka rage iska. Na duƙa na duba. Tayoyin suna tsaye ƙyam kamar ba a taɓa su ba. Na ƙara ragewa, gefen ya ɗan kumbura kaɗan ya tsaya. Na sa ƙaramar giya muka shiga.

Ba mu yi nisa ba motar ta fara nishi, haƙoran suka kama haƙa, bayanta mai nauyi ya nutse. Muka kafe. Muka fito da shebur muka yi ta tono, muka shimfiɗa ƙarafan da nake ɗauka don irin wannan, ta hau, ta yi 'yar tafiya, ta sake zama. Muka sake tonowa, ta sake zama. Rana ta take, yashin ya yi laushi ya yi zafi, har ta cikin takalmi kana jinsa. A karo na ƙarshe cikin motar ya kwanta a ƙasa, tayoyin suna juyawa a banza suna watso mana yashi.

Alƙali ya jefar da shebur ya zauna a 'yar inuwar motar. Ya daɗe yana haki. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mu koma gida, Auta. Ka ga dai hanyar ba ta karɓe ni ba. Sai in shirya sosai, wani lokacin."

Nan fa na cika na batse. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Na ce, "Wane lokacin? Idon nata zai jira ka? Wallahi in muka juya yau ba za ka sake fitowa ba, ni na sani kai ma ka sani. Kuma ni ba zan sake ɗaukar maka sabulu ba. Ka nemi wani ya je ya ce mata shago."

Ya miƙa hannu ya dafa tayar da ke kusa da shi, ya bi gefenta da tafi kamar yadda yake yi a shago. Ya ɗebi yashi ya murza, ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsunsa. Karo na farko ke nan da ya taɓa abin da ya yi shekaru yana ba mutane shawara a kansa.

Ya ce, "Dube ta. Ko ƙwarzane babu. In da wani ya dawo mini da ita haka, cewa zan yi ta yi tafiya lafiya." Ya girgiza kai. "Duk wadda dutse ya yanka an kawo mini na gani, na sa yatsa a ciki. Wadda yashi ya riƙe kuwa, kalau take dawowa. Labarinsa kawai nake ji a bakinku. Shi ya sa da abin ya zo kaina, dutsen na tuna."

Ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce, "A ƙauyen da muka wuce na hangi rumfar mai faci. Can za mu koma, ba gida ba."

Muka sauke safayoyin da durom da ƙarafa, muka tono motar, na bi sawunmu da baya har ƙasa mai ƙarfi, sannan muka yi ta jigilar kayan a ka. Ba mu isa ƙauyen ba sai da yamma, jiki ba ƙwari.

Mai facin wani dattijo ne siriri, yana da tarin tsofaffin tayoyi a bayan rumfarsa. Ya zagaya motata yana kallon sababbin tayoyin yana taɓe baki. Ya ce da ni, "Direba, wa ya ɗaura maka waɗannan za ka shiga yashi? Da ka bi ta wurin wani da ake ce wa Alƙali a can cikin gari, da bai bar ka ka taho da su ba."

Na juya baya ina tarin ƙarya, don dariya ta kusa kashe ni. Alƙali kuwa ko gezau. Ya ce, "Ina jin labarinsa. Ka ba ni izini in duba tarin nan naka?"

Ya cire rigunan sanyin ya shiga cikin tarin. Nan na sake ganin mijin yayata da na sani. Ya jawo taya, ya danna gefenta da gwiwa, ya juya ta ya leƙa ciki, ya kai ta hasken rana, ya ture ta gefe, ya jawo wata. Wadda ta yi kyau a ido ya ƙi ta saboda ta tsattsage, wata mai faci biyu ya karɓe ta saboda facin a tsakiya yake ba a gefe ba. Ya fitar da shida masu girma ɗaya, zanensu ya ci rabi, gefensu da laushi, huɗu na ƙafa biyu na safaya. Ya ce da dattijon ya riƙe sababbin duka, da jak ɗaya, da durom.

Dattijon ya ce, "Bawan Allah, sababbi fil za ka bar mini ka ɗauki waɗannan? Lafiya kuwa?"

Alƙali ya ce, "Masu zuwa ɗaukar dutse za su so su. Ni yayata zan je gani."

Muka kwana a ƙauyen, muka fita tun yashi da sanyinsa, lokacin da ya fi ɗaukar mota. A bakinsa ya hana ni taɓa bawul ɗin iska. Shi ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana rage iska, yana kwantawa rubda ciki ya ga yadda kowace ta baje, ya ƙara kaɗan, ya sake dubawa. Da ya gamsu ya shiga ya rufe ƙofa ya ce, "Bismillah. Kada ka murza sitiyari da ƙarfi, kada kuma ka taka birki."

Na ce, "Yau kuma tuƙi za a koya mini?"

Motar ta hau yashin ta tafi sumul. Kukan taya ya ɗauke, girgiza ta ɗauke, sai ƙarar inji a hankali da ɗan lilo mai daɗi. Muka wuce ramukanmu na jiya suna nan baki buɗe. Muka hau tudu muka gangara, muka sake hawa. Na saci kallonsa, na ga ya leƙa ta taga yana kallon tayar gaba yadda take shimfiɗa sawu mai faɗi. Ya daɗe a haka kafin ya dawo da kansa ciki.

Ya ce, "Ashe haka take yi."

Na ce, "Haka take yi."

Bayan yashin akwai wani zango na duwatsu kafin garin Goggo. Muka tsaya muka mayar da iska, ya sa na bi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk da haka dutse ya sami tayar baya ya tsarge gefenta, ta sace nan take. Abin da ya tsorata shi tsawon rayuwarsa ke nan, ga shi ya faru. Ya sauka ya dubi yankan, ya sa yatsa a ciki, ya ce, "Wannan ai na san shi." Kafin in gama fito da jak ya kwance notuna. Muka ɗaura safaya muka wuce, bai ko sake maganar ba. Abin da ya dame shi rana ce. Ya yi ta leƙa sama yana cewa ta fara karkata, in ɗan ƙara wuta.

Muka shiga garin rana tana nan da sauranta. Gidan Goggo yana bayan tankin ruwa, ƙofar langa-langa ce da labulen buhu. Ta san ƙarar motata. Tun muna tsakar gida muka ji muryarta daga ɗaki.

"Auta ne? Sannu da hanya. Me ya aiko kuma?"

Alƙali ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya kasa shiga. Ya buɗe baki sau biyu kafin magana ta fito.

Ya ce, "Yaya."

Sai muka ji motsin gado, da hannu yana laluben bango. Ta fito a duƙe, ta tsufa fiye da yadda na bar ta, ta miƙa hannu ta kama rigarsa. Ba ta gaishe shi ba, ba ta tambayi hanya ba. Ta ja shi, yana biye da ita, har tsakiyar gidan inda inuwar katanga ba ta kai ba. Ta juya shi ya fuskanci rana. Ta ce ya durƙusa, ya durƙusa. Ta kama kumatunsa da hannu biyu, ta kawo fuskarta dab da tasa, ta karkata kai tana neman gefen idon da ya rage mata.

Ta daɗe tana kallo. Jikokinta sun taru a bakin ƙofa ba mai motsi. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Kai, ka tsufa. Muryarka ba ta faɗa mini ba. Wa ya ce ka tsufa ban gani ba?"

Hawaye ya zubo masa. Ya ɗaga hannu zai share, ta buge hannun.

Ta ce, "Tsaya, kada ka motsa. Ban gama ba."